An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Nauyin Burauza

Wani ɗan'uwa marubuci ya yi rubutu kwanan baya a kan kwamfutar da ke yin nauyi da zarar an buɗe burauza: fanka ta kama kuka, shafi ya sandare, ka taɓa maɓalli sai bayan ɗan lokaci harafin ya fito. Shawarwarin da ya bayar huɗu ne. Ya ce Chrome ce mai laifi domin ba ta ƙoshi da ram, don haka a rabu da ita a koma wata. Ya ce a riƙa share kesh kullum kafin a kashe na'ura. Ya ce a sauke ɗaya daga cikin manhajojin nan masu da'awar kwashe datti da ƙara gudu. In duk an yi haka ba a ga sauyi ba, to kwamfutar ta tsufa, a nemi kuɗi a sayi sabuwa.

Matsalar da ya kwatanta ba ƙarya ba ce. Duk wanda ya taɓa zama yana cike fom na makaranta a daren da za a rufe rajista, kwamfuta ta tsaya masa cak, ya san takaicin. Inda muka raba hanya da Malam shi ne, a cikin rubutun nan kaf babu inda ya ce wa mai karatu ya buɗe ido ya ga mene ne yake cin ram ɗin, mene ne kuma ya hana furosesa hutawa. Ya wuce kai tsaye zuwa hukunci. Biyu daga cikin shawarwarinsa ba za su rage komai ba, ɗaya tana iya jawo ɓarna, ta ƙarshen kuma za ta sa mutum ya kashe kuɗin da yawanci bai kamata ya kashe ba.

A fara da tushen kuskuren, wato ɗaukar cikar ram a matsayin cuta. Ram teburin tela ne, faifan ajiya kuma sito ne da ke can bayan shago. Telan da ya baza yadi da almakashi da zare a teburinsa ba ɓarna yake yi ba, aiki yake yi, kuma babu wanda zai ba shi lada don ya bar rabin teburin fayau. An tsara Windows da burauza su yi amfani da ram matuƙar akwai shi, su saki idan wani aikin ya buƙata. Saboda haka ganin kashi 70 ko 80 cikin 100 a cike ba dalilin tashin hankali ba ne. Nauyi yana farawa ne sa'ad da wuri ya ƙare, Windows ta fara kwashe abin da ke cikin ram tana kai wa faifai, tana sake ɗebowa duk lokacin da ka koma wani shafi. Tsohon faifai mai juyawa yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kafin ya lalubo abu, ram kuwa wajen kashi ɗaya cikin miliyan goma. Tazarar ta kai ninki 100,000. Wannan kai-kawon ne yake sandarar da na'ura, kuma ana ganinsa da ido: a danna Ctrl da Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, a shiga sashen Performance, a duba ram nawa ya rage a sake, sannan a duba faifai. In ram ya ƙare ƙaf, faifai kuma ya kafe a 100, to lallai ƙarancin ram ne. In akwai sauran gigabait ɗaya ko biyu a sake amma kwamfutar na nishi, matsalar tana wani wuri dabam, kuma duk abin da za a yi wa ram wahalar banza ce.

Hujjar da Malam ya fi dogara da ita ita ce sunan Chrome da ya gani ya jeru sau goma sha wani abu a Task Manager alhali shafuka kaɗan ya buɗe. Wannan ba ɓoyayyen laifi ba ne da ya tono. Tun da Google ta fitar da Chrome a watan Satumba na 2008 haka aka gina ta: ana raba shafuka zuwa ayyuka masu zaman kansu, domin idan ɗaya ya faɗi kada ya ja sauran. Kafin nan, shafi guda mai matsala yakan rufe burauza gaba ɗaya da duk abin da kake ciki. A watan Janairu na 2018 aka bayyana raunin nan da ake kira Spectre, wanda yake cikin ƙirar furosesa kanta, kuma yana iya bai wa mugun shafi damar leƙa bayanan wani shafin idan suna zaune a aiki ɗaya. Martanin Google shi ne ta ƙara tsaurara rabon daga Chrome 67, kowane gidan yanar gizo da nasa aikin, har da tallar da wani kamfani ya liƙa a cikin shafin da kake karantawa. Google da kanta ta faɗa a lokacin cewa hakan zai ƙara cin ram da kashi 10 zuwa 13 cikin 100. Wato an sani, an auna, an zaɓi a biya wannan farashin don shafin bankinka ya nisanci shafin da ka shiga neman sakamakon ƙwallo. Mutum yana iya cewa farashin ya yi yawa ga mai gigabait 4, kuma zan saurare shi. Amma ya faɗi abin da ake saya da shi.

To a koma ina? Opera ta koma kan injin Chromium, wanda Chrome take kai, tun 2013. Edge ta bi sahu a watan Janairu na 2020. Brave da Vivaldi a kansa aka gina su tun farko. Wanda ya gudu daga Chrome zuwa ɗaya daga cikin waɗannan, fenti kawai ya sauya. Firefox ce mai injin kanta, ita ma kuma ta kunna irin wannan rabon ga kowa a ƙarshen 2021, saboda dalili ɗaya. Na yarda mutum zai ji sauƙi a ranar da ya sauya burauza. Sauƙin ya zo ne daga cewa sabuwar ba ta da shafuka talatin da ya bari a buɗe tun makon jiya, ba ta da tarin ekstenshan da ya liƙa wa tsohuwar. A ba shi wata biyu, zai dawo inda ya baro.

Abin da ya kamata rubutun ya fara da shi yana cikin burauzar kanta, kyauta. A Chrome ko Edge a kan Windows, a danna Shift da Esc. A Firefox a rubuta about:processes a wurin adireshi. Jeri zai fito mai nuna kowane shafi da sunansa, kowane ekstenshan da sunansa, ga ram ɗin da kowa ya riƙe, ga rabonsa na furosesa. A danna kan ginshiƙin don mafi ci ya hau sama. Task Manager na Windows yana nuna maka sunan Chrome ne kawai sau da yawa, wannan kuwa yana gaya maka wane ne wane. Kusan kullum za ka tarar ba burauzar ce gaba ɗaya ta kumbura ba, abu ɗaya ne ko biyu.

Wani lokaci shafi ne da ya daɗe a buɗe. Shafukan da ake ja ƙasa ba iyaka, irin na Facebook, da waɗanda ake bari daga safe har dare, irin na WhatsApp a kwamfuta, sukan yi ta tara hotuna da saƙonni. Wasu kuma kuskuren masu rubuta shafin ne: suna karɓar ram ba sa mayarwa, ka gan shi ya fara da megabait 200 da safe, da la'asar ya haura gigabait. Alamarsa ita ce adadin yana hawa ba ya sauka ko da ba ka taɓa shafin ba. Maganinsa a rufe wannan shafin kaɗai a sake buɗewa, babu buƙatar taɓa sauran.

Wani lokaci talla ce. A 2020 Google ta sa wa Chrome dokar cire duk tallar da ta ci fiye da megabait 4 na data, ko ta riƙe furosesa daƙiƙa 15 cikin 30, ko daƙiƙa 60 jimilla. Ba a kafa irin wannan doka don abin da ba ya faruwa. Shafukan sauke fina-finai da na kallon ƙwallo kyauta, waɗanda matasanmu suka fi yawan ziyarta, su ne suka fi cika da irin waɗannan. Akwai ma lokacin da abin ya wuce talla. Daga Satumba na 2017 zuwa Maris na 2019 an yi wani tsari mai suna Coinhive, wanda yake sa furosesar mai ziyara ta riƙa haƙar kuɗin intanet na Monero muddin shafin yana buɗe. A watan Fabrairu na 2018 ɓarayi sun cusa shi cikin wata manhajar karanta wa makafi rubutu, ta haka ya bazu a shafuka fiye da 4,000, har da na hukumomin gwamnati a Birtaniya da Amurka. Mutumin da hakan ya faru da shi zai ga fanka na kuka, furosesa ta cika, in ya bi shawarar Malam sai ya share kesh, ya sauya burauza, ya koma shafin nan dai, abin ya ci gaba. Da ya danna maɓalli biyu da ya ga sunan shafin a saman jeri.

Sau da yawa kuwa ekstenshan ne. Mutane sukan manta da abin da suka liƙa: mai sauke bidiyo, mai fassara, mai neman rangwame, VPN na kyauta, da wani wanda ya biyo wata manhaja ba tare da sallama ba. Yawancinsu suna gudana a cikin kowane shafi da ka buɗe, don haka nauyinsu yana ninkuwa da yawan shafuka. Gwajin ba ya ɗaukar minti biyar. A buɗe tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito, inda ekstenshan ba sa aiki sai in kai ka ba su izini, a shiga shafin da ke ba da wahala. In ya tafi lafiya, to a koma a kashe su duka, a riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Firefox tana da Troubleshoot Mode don wannan aikin.

Sai batun share kesh kullum, wanda shi ne ya fi ba ni haushi domin ya fi kowanne yaɗuwa. Kesh a faifai yake zaune, ba a ram ba. Kwafin hotuna da tambari da rubutun shirye-shiryen shafukan da ka riga ka ziyarta ne, an ajiye don kada a sake sauko da su. Share shi ba ya sakin ram ɗin da buɗaɗɗun shafuka suka riƙe. Abin da yake yi shi ne tilasta wa burauza ta sake sauko da komai gobe, ta sake sarrafa shi, wato ƙarin aiki ga furosesar da ake son a sauƙaƙa wa. Matsakaicin shafi a yau ya haura megabait 2. Ga wanda ke da intanet mara iyaka wannan ɓata daƙiƙoƙi ne kawai. Ga mu da ke sayen data da gigabait, a ƙasar da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, wannan shawara ce ta zubar da kuɗi kowace safiya. Kuma da yake yawanci ana haɗawa da share kukis a danna ɗaya, sai mutum ya wayi gari an fitar da shi daga imel ɗinsa, ga kalmar sirri ya manta, ga layin da ya yi rajista da shi ya ɓata. Kesh yana da ranar sharewa: idan wani shafi ya riƙa fitowa a hargitse ko yana nuna tsohon abu, ko faifai ya cika maƙil. Wannan gyara ne na lokaci-lokaci, ba wankan safe ba.

Manhajar ƙara gudu kuwa, a nan ne ake neman gira a rasa ido. Yadda galibinsu suke samar da adadin nan mai daɗin gani shi ne su tilasta wa Windows ta kwashe abin da ke ram ta tura faifai. Allon zai nuna an saki gigabait guda, ka ji daɗi, sannan ka koma shafinka ka zauna jiran a ɗebo shi daga faifai. Ita kanta manhajar tana zaune a bayan fage tana cin nata rabon, tana turo talla. Tarihinsu ma ba mai kwantar da hankali ba ne. A watan Satumba na 2017 aka gano cewa masu kutse sun gurɓata wani zubi na CCleaner tun daga wurin kamfanin, mutane fiye da miliyan 2 suka sauke shi. Kamfanin cutarsa aka yi, ba shi ya shirya ba, amma darasin yana nan: manhajar da ka bai wa izinin shiga kowane lungu na na'urarka babbar ƙofa ce. A watan Fabrairu na 2020 Google ta cire manhajoji kusan 600 daga Play Store saboda tallace-tallace masu kutse, ciki har da na kamfanin Cheetah Mobile mai Clean Master, wadda a wani zamani da wuya ka ga wayar da babu ita. The Great Suspender ekstenshan ne da aka yi musamman don kwantar da shafuka a rage cin ram, mutane fiye da miliyan 2 suna amfani da shi. Mai shi ya sayar da shi a 2020, sabon mai shi ya cusa abin da bai dace ba, Google ta cire shi a watan Fabrairu na 2021. Daga Android 14 ma an hana wata manhaja kashe ayyukan wata a bayan fage, wanda shi ne ainihin abin da masu ƙara gudun waya suke taƙama da shi.

Abin haushin shi ne aikin da ake nema yana cikin burauzar tuni. Edge ta kawo kwantar da shafukan da ba a amfani da su a farkon 2021. Firefox ta fara sauke su da kanta idan ram ya yi ƙasa a shekarar 2021 ɗin. Chrome ta sanar da Memory Saver a ƙarshen 2022, yana cikin saituna ƙarƙashin Performance, har ana iya ware shafukan da ba a so a kwantar, kamar fom ɗin da ba a gama cikewa ba. Rubutun Malam bai ambaci ko ɗaya ba.

Ya kuma cakuɗa ram da furosesa kamar abu ɗaya ne, alhali sau da yawa kukan fanka ba shi da alaƙa da ram. Bidiyo ne babban misali. YouTube tana yawan turo bidiyo a tsarin VP9 ko AV1. Furosesar Intel ba ta samu cikakken sashen warware VP9 ba sai daga zubi na 7 da ya fito a 2016, AV1 kuma sai zubi na 11. Kwamfutocin hannu da suka cika shagunan titin Beirut a Kano, da yawansu zubi na 3 zuwa na 6 ne. A irin waɗannan, furosesa ce take warware bidiyon da ƙarfin tsiya, shi ya sa take cika. A rage girman hoton zuwa 480, furosesa ta huta, data ma ta huta. Akwai kuma ekstenshan irin h264ify da ke sa YouTube ta turo tsohon tsarin H.264 wanda waɗannan na'urori suka iya. Shawarar da ake yawan yaɗawa ta kashe saitin da ke bai wa katin hoto aiki, ita ma a yi hattara da ita. Tana da amfani idan allo yana ƙyalli ko yana baƙi saboda matsalar direba, amma a sauran lokuta tana kwashe aikin daga katin hoto ta jibga wa furosesa. A rubuta chrome://gpu a ga abin da ke kunne kafin a taɓa.

Sannan akwai zafi, wanda shawarar da aka kwaso daga ƙasashen sanyi ba ta cika damuwa da shi ba. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe ragar fanka, ga kwamfutar an ɗora ta a katifa, ga man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe tun a hannun mai ita na farko. Furosesa idan ta kusa digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Aikin da a da yake cin kashi 30 sai ya koma cin 90, ba don ya ƙaru ba, sai don ƙarfin da ake aunawa da shi ya ragu. Haka idan aka ɗauke wuta aka koma kan batir, tsarin tanadin caji yana rage gudu. Wasu kwamfutoci ma, musamman na Dell, idan ba su gane cajar da aka sa masu ba sukan gargaɗe ka tun wajen kunnawa, su kuma daƙile furosesa, caja ta jabu kuwa ba ta da wuyar samu a kasuwa. Duk wannan yana bayyana a sashen Performance: furosesar da aka rubuta mata gigahaz 2.5 ka gan ta kafe ƙasa da 1 alhali aiki ya yi mata yawa. Mai gyara zai buɗe, ya hure ƙura, ya sauya mai, cikin awa guda. Babu burauzar da za ta yi maka wannan.

Akwai inda Malam ya kusa gaskiya. Gigabait 4 ya yi kaɗan ga intanet na yau. Shi ne mafi ƙarancin da Windows 11 take karɓa, kuma ita kanta za ta riƙe kaso mai tsoka kafin a buɗe shafi ko ɗaya. Wanda ya duba ya ga ram ya ƙare, faifai ya kafe a 100, bayan ya rage ekstenshan ya kunna kwantar da shafuka, to kayan aikinsa sun gaza. Amma daga nan zuwa sayen sabuwar kwamfuta akwai tazara. Yawancin tsofaffin kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo suna da gurbin ram na biyu a sake, ana kai su gigabait 8 da sanda ɗaya, in dai an duba ko DDR3 ce ko DDR4. Sauya faifai mai juyawa da SSD kuma yana sa ko kai-kawon nan ya faru ba ya sandarar da na'ura kamar da. Su biyun tare ba su kai kuɗin wata kwamfutar ba. Wanda ya bi shawarar sayen sabuwa da ɗan kuɗin hannunsa, akwai yiwuwar ya ƙare da siririyar nan mai gigabait 4 da aka narkar a jikin allon cikinta, wadda ba a iya ƙara mata komai har ta mutu.

In ana neman dalilin rabuwa da tsohuwar na'ura, akwai shi, sai dai ba shi Malam ya kawo ba. Chrome ta daina sabuntawa a kan Windows 7 tun farkon 2023, zubi na 109 ne na ƙarshe. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Mai shagon kafe da ke shigar wa mutane lambar BVN da NIN a kan Windows 7 yana da abin damuwa na gaske, ko da kwamfutarsa tana gudu lafiya lau. Shi ne ya kamata a ce wa ya fara tara kuɗi, ko ya nemi wanda zai sa masa Linux a kan na'urar da yake da ita.